Katin Masana'anta a Aljihuna

Ana idar da sallar asuba muka kama hanyar filin jirgi, ni da kawuna, wanda ke sayar da leshi a kasuwar Kwari ta Kano. Ya tafi da ni ne saboda na gama jami'a, kuma a ganinsa Turancina zai yi amfani. Washegari muka sauka a filin jirgin Baiyun na birnin Guangzhou, a ƙasar Sin. Zafin Guangzhou mai ɗanko ne, titunan kuma hawa kan hawa. Mun fi cin taliya da naman sa a shagon wasu Musulmin garin, kuɗinta bai kai yadda na ji tsoro ba.

Dalilin tafiyar ɗaya ne. Kawu ya gano wata ƙaramar masana'anta mai yin wani zane da babu shi a Kano, yana so ya riga kowa kafin Sallah. Mutanenmu kuwa, idan ban yi kuskure ba, sukan bi sawun juna a can don gano inda ake sari.

Duk dabarun kawu daga wani tsohon fim ɗin leƙen asiri na Ingila ya samo su, wanda ya kalla a silima yana saurayi. Yakan maƙala zare a ƙofar ɗakinmu kafin mu fita, don ya gane in an shiga. Ba ya zama ya ba ƙofa baya. Katin masana'antar, mai adireshi da rubutun Sinanci, ni ya ba ajiya, wai babba ake fara zargi.

Ranar Juma'a a masallacin Huaisheng muka gaisa da wani Alhaji, maƙwabcin shagonsa. Da muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa sai ga shi a taragonmu. Kawu ya raɗa mini cewa da zarar ƙararrawar rufe ƙofa ta kaɗa, mu yi waje. Ta kaɗa, ya yi tsalle ya fice. Ni kuwa na tsaya duban wata alama a jikin ƙofar da nake zaton tana hana hakan. Ƙofa ta rufe, kawu na waje yana ɗaga hannu.

Alhaji ya matso kusa da ni.

"Har yanzu yana wannan tsallen? Tare fa muka kalli fim ɗin, benci ɗaya. Shi ya sa ban damu da shi ba, na san katin na wurinka. Ɗana, ina kuka nufa?"

Ban iya yi wa dattijo ƙarya ba, balle ranar Juma'a. Na duƙar da kai na ce, "Baba, a yi haƙuri, amana ce."

"To, muna tare har ka sauka."

Sai ban sauka ba. Muka wuce tasha bayan tasha, hannuna dafe da aljihu, yana ba ni labarin silimar da yanzu ta zama kantuna. A tashar ƙarshe ya duba agogo ya yi dariya.

"Kai ka fi kawunka taurin kai. Ka ce masa gwiwarsa ta tsufa da wannan aiki."

Na koma na tarar da kawu a inda na bar shi, don bai san hanyar ko'ina ba. Ranar Asabar muka je masana'antar da tasi, ba wanda ya bi mu, iya sanina.

Mun dawo Kano lafiya, kayan kuma sun iso kafin Sallah. Na nemi fim ɗin na kalla a waya, na ga zaren da tsallen duka. Ba zan ce dabarun banza ne ba, amma da alama ba sa aiki a kan wanda kuka kalla tare. Abin da ya tsare katin zama ne da shiru. Kawu dai har yau yana gaya wa 'yan layinsu cewa shi ya tsara a bar ni cikin jirgin, ni kuma ban musa ba.