Igiyar Na-Ruwa

Da na ja igiyar nan a kan ƙa'ida, shi zan jawo ko akwatin? Na tsufa da wannan tambaya, har yau ina kuka a kanta, ban sami amsa ba.

Malamin da ke rubuta maganata ya nuna mini littafinsa na zane-zane. Ya zana maigidana da jiki irin na kifi, ya ce aljanar gulbi ta haife shi, masunta suka tsince shi cikin ƙwarya. Ku masu fito na yanzu haka kuka ji, haka kuke faɗa wa 'ya'yanku. Ba haka ba ne. Wanda kuke kira Na-Ruwa ɗan mai haƙar rijiya ne a Ƙofar Dundaye. A rijiya ya koyi riƙe numfashi, wurin ciro gugan mutane. Sai da ya girma ya shiga gulbin Rima.

Ga yadda aikin yake. Sarkin Ruwa ke ba da umarni. Mai nutso ya ɗaura igiya a ƙugu, mai igiya ya tsaya a gaɓa yana karanta Ƙulhuwallahu. In mai nutso ya fizga, a jawo shi. In an kai ƙafa goma sha biyu bai fizga ba, a jawo shi, ko yana so ko ba ya so. Ni ce mai igiyar maigidana shekara tara, don ya ce maza suna sauri wurin karatu.

Ranar ba ta taɓa fita raina ba. Laraba ce da hantsi, tsakiyar damina, 'yan shekaru bayan Nasara sun shigo Sakkwato. Kwalekwale ya kife da akwatin ƙarfe na wani Bature, cike da takardu. Baturen ya zo mashigi da tafintansa.

Sarkin Ruwa ya ce, "Ranka shi daɗe, ruwa ya yi ƙarfi. A bari shi sauka."

Tafinta ya ce, "Bature ya ce yau. In ba a ciro ba, za a karɓe fito a ba wasu."

Gida ashirin ke ci da mashigin nan. Maigida ya tuɓe riga.

Ya nutse sau biyu, sau biyu ina kai goma sha biyu ina jawo shi. A na biyu ya fito yana tari yana dariya.

"Ige, don mi kinka ja ni? Na taɓa shi da hannuna hwa!"

Na ce, "Ƙa'ida ta."

Ya matso ya yi mini magana a hankali, ya koma ruwa.

Na kai goma sha biyu, ban ja ba. Na kai ashirin. Sarkin Ruwa ya daka mini tsawa, "Ja, 'yar nan!" Ban ja ba sai a talatin. Igiya ta yi nauyi, maza huɗu suka kama mini. Akwatin ne ya fito, da ƙullin maigida a mariƙinsa, irin wanda ake yi wa guga. Ashe maigida ya kwance igiyar daga ƙugunsa ya ɗaura wa akwatin. Yaushe ya kwance, kafin goma sha biyu ko bayanta, Allah ya sani.

Kwana uku ana nema, ba a gan shi ba. Bature ya ɗauki akwatinsa, fito ya zauna hannunmu. Da ba a ga gawa ba, mutane suka ce ya koma wurin uwarsa a ƙarƙashin ruwa. Uwarsa kuwa tana Ƙofar Dundaye, tare muka zauna karɓar gaisuwa.

Abin da na koya, mai igiya ba ya karɓar umarni daga mai nutso, komai ƙaunarsa. An sa ƙa'idar ne don ranar da mai nutso zai roƙi a karya ta. Malam, in za ka sake zanen, ka cire jikin kifin, ka sa masa igiya a ƙugu. Ka rubuta a ƙasan zanen abin da ya faɗa mini kafin ya koma ruwa:

"Ige, wagga karon kak ki ja sai na ja."