Ɗumin Amya a Cikin Ƙanƙara

Daga dandalin tashar jirgin ƙasa kana hango ta a lambunan da ke bayan titi. Tsohuwa ce 'yar firit, sanye da rigar sanyi ta maza wadda ta yi mata yawa, har ta naɗe hannayen. Da alama mai rigar ya riga mu gidan gaskiya, ya bar mata amyoyinsa na katako. Ƙanƙara ta lulluɓe komai, kuma a irin wannan sanyi ba a buɗe amya, domin wanda ya buɗe ya kashe ƙudan zuman da hannunsa.

Tana riƙe da ma'aunin zafi mai kama da 'yar bindiga. Ta fara auna shinge, sannan ta ɗora jan ɗigon haskensa a jikin amya, tana cije leɓe.

Maƙwabcinta ya leƙo. "Bodil, harbe su za ki yi? Ai sanyi ya riga ki!"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Lambar da ma'aunin ya nuna a jikin amya ta ɗara ta shingen, ashe akwai ɗumi a ciki. Ta yi ajiyar zuciya, ta dafa murfin kamar mai dafa kafaɗar miji, sannan ta ce wa maƙwabcin:

"Suna nan da ransu, Aksel sarkin surutu. Je ka wanke kwalbarka, bana ma za ka lashi zuma."