Ruwan Baƙo: Ga Dakta Kalilu Labbo

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Ranar Laraba, tara ga Afrilu, ina bakin aiki a ɗakin shan magani na garin Isa aka ce mini ka cika, bayan kwana biyu kana amai da gudawa. Tun ranar na kasa zama wuri ɗaya, Malam. Ni ce Rahmatu, ɗalibarka mai gardama.

Shekara ashirin ka yi a jami'a kana binciken abin da ido ba ya gani. Ka koya mana cewa a jikin kowace ƙwayar halitta akwai wani furotin mai suna G. In saƙo ya zo sai ya tashi aiki, kuma akwai wasu furotin da aikinsu su hanzarta tsayar da shi. Na ce ban gane ba. Ka kai mu rijiyar makiyaya a Turba, inda raƙumi ke jan igiyar guga, mutum guda kuma na tsaye a baki yana jiran guga ya fito ya yi kiran a tsaya. Ka ce raƙumin ne G, mai kiran ne kake bincike a kai. Dafin kwalara kuwa hana G tsayawa yake yi, sai hanji ya yi ta zubar da ruwa har mutum ya bushe.

Da damina biyu suka gaza, rijiyoyi suka ƙafe, mutanen ƙauyenku suka koma shan ragowar tafki tare da dabbobi. Ka baro ofis ka dawo, kana bin gida-gida a kan babur da sukari da gishiri, kana roƙon a tafasa ruwa. Ɗiya uku na wani makiyayi, Malami, suna raye ta dalilinka.

To me ya kai ka sha? A wata ruga, ina tare da kai, maigidan ya tarbe ka da ƙwaryar ruwan tafki, na taɓa hannunka don in hana ka, ka ce mini a hankali: "Ruwan da ɗiyanai ka sha, in ce ban sha? In na ƙi, ba shi saurare na."

Ka shanye. Haushinka nake ji, Malam, kuma kewarka ta fi haushin.

Jiya a zaman makoki Inna Habi, mahaifiyarka, ta miƙo mini ruwan tafkin nan da hannunta. Mata sun fi talatin suna kallo. Na ce, "Inna, ki gahwarce ni, ban sha sai an tahwasa." Ta daɗe tana dubana, sannan ta ce a hura wuta.

Allah Ya jiƙan ka, Ya yafe maka, Ya sanyaya makwancinka. Ina miƙa ta'aziyya ga Inna Habi, da maiɗakinka Saude, da 'ya'yanka. Allah Ya ba mu haƙuri, Ya saukar mana da ruwa mai albarka kafin mu sake haƙa wani kabari.