Fentin da Na Yi wa Motar Baba

Na yi shekara shida a Alƙahira, kuma yawancin abin da ya same ni a can ya fara dushewa a kaina. Sunayen tituna sun tafi, lambar gidanmu ma sai na yi dogon tunani. Amma abin da na yi wa wani tsoho da motar da aka ba shi amana, wannan kam ba zan manta da shi ba har ranar da za a sa ni a rami. Ko yau na ji warin sabon fenti sai na tuna da shi.

Karatu ne ya kai ni. Mu biyar muke zaune a wani gidan haya a Hay el-Sabi', kuma sau uku a mako nakan hau ƙaramar bas zuwa Dokki, inda nake ɗan aikin fassara a wani ofis. Sai dai kafin in zama ɗalibi, ni ɗan bakanike ne. A garejin mahaifina a Kano na tashi, baƙin mai a farce, sufana a aljihu. Abokan zamana har tsokanata suke yi, wai ko ana tsakiyar bitar karatu mota ta wuce tana tari, sai na ɗago kai na ce fuloginta ne.

Wata rana da la'asar ina wucewa ta gindin wani tsohon bene a Dokki, sai na ji ana yi wa kyanwa faɗa da Hausa. "Sauka, 'yar nema, sauka na ce!" Na tsaya cak. Na leƙa cikin garejin da ke ƙasan benen, na yi sallama. Wani tsoho ne dogo, baƙi, da farar jallabiya, yana lalube da tsumma a hannu. Bahaushen Sudan ne. Kakanninsa sun taso aikin Hajji a ƙasa, suka yada zango a can, ba su ƙara gaba ba. Shi kuma tun yana saurayi ya zo Masar, ya zama direban wani attajiri. Daga ranar nake kiransa Baba, shi kuma ya ce da ni ɗana.

Abin da kyanwar ta hau kuwa, da ya yaye tamfol ɗin, sai da na ce tabarakallah da ƙarfi. Motar Italiya ce ta shekarun sittin, ƙofa biyu, ta kwanta ƙasa-ƙasa, bonet ɗinta dogo har ya fi rabin jikinta. Sitiyarin katako ne, tayoyin masu waya irin na keke. Baba ya ce an ƙera ta ne don mutum ya karya kumallo a wata ƙasa, ya yi sallar magariba a wata, bayansa bai gaji ba. Da ya buɗe min injin na ga kabureta uku a jere, sai na ji kamar in durƙusa. Na taɓa motoci iri-iri a Kano, amma ban taɓa ganin ƙarfe da aka yi wa aiki da ladabi haka ba.

Idona na ɗan gareji kuwa bai tsaya a nan ba. Koren fentinta ya koɗe, ya yi tsage-tsage a saman bonet. Fatar kujerun ta fashe, ta direba ma ta lotsa ta gefe ɗaya. Cikinta warin tsohuwar fata da tabar lofe. A ƙofar dama kuma ga wani dogon karce, tun daga hannun ƙofa har kusa da tayar baya.

"Wannan aikin ɗan mai gida ne," in ji Baba, yana bin karcen da yatsa yana dariya. "Yana shekara bakwai aka saya masa keke. Ranar farko ya shigo da gudu, ƙiiii! Muka ce yau yaro ya mutu. Uban ya fito, ya duba, ya ce kada wanda ya taɓa, yaro ya sa hannu a kan motarsa."

Nan ya ba ni sauran labarin. Yaron ya girma, suka sami saɓani da uban, ya tafi Turai bai dawo ba, ko jana'iza bai samu ba. Kafin mai gidan ya cika, ya damƙa wa Baba mukulli ya ce ya riƙe motar har ranar da ɗansa zai zo. Fiye da shekara ashirin ke nan. Baba yana kwana a wani ɗan ɗaki a cikin garejin, kuma kowace Juma'a bayan an sauko sai ya tada ta ta ɗumama. Ko a lokacin da Alƙahira ta sha wahalar mai, tsohon nan da yanar ido yakan bi layi da ɗan galan, don dai kada injin ya yi sanyi. Ba shi da mata, ba shi da ɗa. Abin da yake jira a duniya shi ne ya miƙa wannan mukulli ya ce ga amanarka.

Na mai da garejin wurin zuwana. Ni na wanke mata kabureta, na daidaita su har ƙararta ta koma sumul, Baba ya rufe ido yana ji yana cewa, "Haka take, wallahi haka take." Wata rana na ce masa, "Baba, ka bari in nemo mai fenti, a kuma sake wa kujerun nan riga." Ya girgiza kai. "A'a ɗana, bar ta haka." Na sake maimaitawa bayan wata guda, ya sake cewa in bar ta.

To, a nan ne na faɗa ramin da na haƙa da hannuna. Ni a inda na tashi, idan babba ya ce maka "a'a, bar shi", kara ce yake yi maka. Ba ya son ya ɗora maka nauyi, kai kuma idan kana da tarbiyya sai ka yi masa ba tare da ka sake tambaya ba. Kuma a gidanmu ba a tarbar babban baƙo da bango mai datti. Alhaji zai dawo daga Makka, sai an yi wa gida fenti. Mahaifina bai taɓa mayar wa mutum mota ba ta ƙyalli ba. Sai na ce a raina, tsohon nan kunya yake ji, ba shi da hali ne kawai. Ban taɓa kawo wa kaina cewa abin da ya faɗa shi yake nufi ba.

Ana nan sai saƙo ya zo cewa ɗan mai gidan, wanda yanzu likita ne, zai iso nan da mako uku. Baba ya rasa inda zai sa kansa don murna. Aikin idon da ya daɗe yana gudu, ranar ya yarda a yi masa. "Ina so in ga fuskarsa lokacin da zai zauna a kujerar ubansa," in ji shi. Aka shirya zai yi jinyar mako biyu a gidan wata 'yar ƙanwarsa, nesa da ƙurar gareji. Da zai tafi ya kama hannuna ya sa min mukullin. "Juma'a biyu ce. Ka tada ta, ka kashe, khalas."

Washegari da sassafe na fito da ita. Ba zan yi ƙarya ba, wannan tuƙin na minti goma ya fi duk wani daɗi da na ji a Masar. Ka taɓa totur kaɗan sai ta yi gurnani daga can cikin ƙirjinta, masu gadi suna miƙewa, wani mai sayar da wake har ya tafa min. Na kai ta wurin wani usɗa, wato babban mai fenti, a wani lungu. Mutumin ya zagaya ta sau biyu, ya shafa bonet, ya dube ni.

"Ya shehi, ka tabbata? Wannan fentin kamfani ne. Ba a taɓa taɓa shi ba."

"Shi ya sa ya tsufa," na ce masa. "Yalla, a fara."

Ya ɗaga kafaɗa. Kai, ni da shegen rawar kai! Allah Ya aiko min gargaɗi ta bakin mutumin nan, na sa ƙafa na shure. Da hannuna na riƙe samfefa na goge karcen keken, ina murmushi, ina jin ni wani ɗan albarka. Mai kujeru ya yaye tsohuwar fatar, ya cusa sabon soso, ya ɗinka baƙar leda mai sheƙi. Guzurin da nake ajiyewa don zuwa gida hutu duk a nan ya tafi, ban ji ciwo ba. Cikin kwana goma sha biyu na mai da ita gareji, tana walƙiya kamar sabon kwanon amarya, na rufe ta da tamfol.

Baba ya dawo ana gobe baƙon zai iso. Ya shigo babu sanda, yana kallon komai yana dariya, ya ce ashe ni baƙi ne haka. Na ce, "Baba, rufe ido, ina da tsaraba." Na yaye tamfol.

Ya tako a hankali zuwa ƙofar dama, ya ɗora yatsa a wurin hannun ƙofa, ya ja shi har zuwa tayar baya. Ya sake komawa ya ja. Ya buɗe ƙofa, ya sa kansa ciki ya shaƙa. Sai na ga ya zame ya zauna a kan simintin. Hawaye na fita daga idon da aka ce kada ruwa ya taɓa.

"Ina fatar?" ya tambaye ni, muryarsa can ƙasa.

Da gudu na tafi wurin mai kujeru. Ya ce ma'alish, wato in yi haƙuri, masu shara sun kwashe tun makon jiya. Na bi tulin sharar lungun da hannu, ina tona ɓawon albasa da tsummoki har magariba. Ko ƙyalle ban samu ba. Da na dawo na tarar da shi a inda na bar shi. Na durƙusa na ce ya yafe min. Ya ce, "Da ma ba a buɗe min idon nan ba, ɗana."

Likitan ya zo da hantsi. Mutum ne mai furfura, ya fi hamsin. Ya rungume Baba yana kiransa Ammu, wato baffa, suka yi kuka tare, sannan ya juya wajen motar. Ina tsaye a gefe ina kallonsa, kuma na ga inda idonsa ya fara zuwa. Ƙofar dama. Ya sunkuya, ya karkata kai don haske ya nuna masa, bai ga komai ba sai fuskarsa. Ya zagaya ya zauna a kujerar direba, sabon soson ya ɗaga shi har kansa ya kusa taɓa rufi. Ya rufe ƙofa, ya lumshe ido, ya ja numfashi. Gam da leda ya shaƙa. Bai yi minti ɗaya ba ya fito.

"Ammu," ya ce, ba tare da ɗaga murya ba, "wannan ba motar babana ba ce. Abu ɗaya ya ce ka riƙe min."

Na buɗe baki zan yi magana, Baba ya damƙe min hannu. Ya ce wa likitan da Larabci, "Ni aka ba mukulli, kuma ni na bayar da shi. Laifina ne." Ni kuwa na yi shiru. Na fake da cewa babba ya hana ni, amma gaskiya tsoro ne. Wannan shirun har yau yana cina fiye da fentin.

Cikin kwanaki likitan ya sayar da ita ga wani dillali, ya koma inda ya fito. Ya ce Baba ya ci gaba da zama a ɗakin, amma Baba ya ce zaman me? Na zo ranar Juma'a bayan an sauko na same shi a tsakiyar garejin da babu kowa, yana kallon ɗigon baƙin mai a ƙasa. Bai yi wata guda ba ya haɗa kayansa, jaka ɗaya da buta, zai koma Sudan inda ya bari tun yana saurayi.

Na raka shi tasha. Duk hanya ina jiran ya zage ni, wallahi da ya zage ni da na ji sauƙi. Da zai hau mota ya dafa kaina ya ce ya yafe min duniya da lahira. Sannan ya ce, "Fiye da shekara ashirin ina tsare ta daga ɓera da tsatsa da ɓarawo. Ban taɓa tunanin sai na tsare ta daga mai ƙaunata ba."

Ban sake jin ɗuriyarsa ba. Na tambayi 'yar ƙanwar tasa sau biyu, daga baya ita ma ta tashi daga gidan. Ban sani ba ko yana raye.

Abin da na koya ban koye shi da arha ba, kuma ba ni na biya ba, wani tsoho ne ya biya da abu ɗaya tak da ya rage masa. Kyakkyawar niyya ba ta ba mutum izinin taɓa abin da ba nasa ba, kuma ba kowane tabo ne yake jiran a goge shi ba. Yanzu ni ke riƙe da garejin mahaifina. Idan mai mota ya nuna min wani wuri ya ce bar shi haka, ba na fassara masa zuciyarsa. Ɗauke hannuna nake yi, in sa shi a aljihu.