Motar Da Inna Ba Ta Gane Ba

Assalamu alaikum Edita, da 'yan uwana masu karanta wannan fili. Na daɗe ina karanta labaran mutane a nan ina share hawaye, yau kuma ga nawa. Ina roƙon a sakaya sunana.

A lokacin da abin ya faru ni matar aure ce mai 'ya'ya uku, muna zaune a Kiru a gidan su maigidana, tare da mahaifiyarsa da muke kira Inna. Sakandare na gama aka yi min aure. Aikina girki da kula da yara, sai Islamiyya ranar Asabar da Lahadi, da ɗinkin hula idan na samu sarari. Ina ɗaukar kaina mace mai lura, irin wadda tun daga sallamar mutum take gane ko ya ci abinci ko bai ci ba. Ni da Inna ba mu taɓa sa-in-sa ba. Ni nake dama mata kunu, ni nake yanke mata farce, har maƙwabta suna cewa kamar ita ta haife ni.

Maigidana ma'aikacin gona ne a ƙaramar hukuma, ba bakanike ba ne, amma Allah ya jarabce shi da son ƙarfe. Ranar da babu aiki za ka same shi a zaure da sifana a hannu, ya kwance injin ban-ruwa ko tsohon babur ɗin wani, yana kallon yadda ake gyara a waya yana gwadawa. Ba ya karɓar ko sisi, jin daɗinsa kawai ya ga mataccen abu ya tashi. Babban burinsa kuwa yana bayan gida, ƙarƙashin darbejiya: tsohuwar a-kori-kurar mahaifinsa, marigayi Malam. Su asalinsu mutanen wani ƙauye ne da ruwan Tiga ya cinye. Bayan an tashe su ne Malam ya sayi motar, yana ɗaukar kifi da tumatir yana kaiwa kasuwanni, daga Bebeji har Riruwai. Tun da ya rasu take ajiye a kan duwatsu, ba taya, koren fentinta ya koɗe, tsatsa ta ci ƙasan ƙofofin, kaji suna ƙwai a bayanta. Kullum bayan azahar Inna takan shimfiɗa tabarma a inuwarta, ta jingina da ƙofar direba, tana tsince wake ko jan carbi. Wani lokaci nakan ji tana magana ƙasa-ƙasa, na ɗauka zikiri ne.

Abin da ya kamata ku sani shi ne maigidana ɗan fari ne, Inna kuma mutuniyar da ce mai tsananin kara. Ba ta taɓa faɗin sunansa ba. Idan ya durƙusa a bakin ƙofarta da safe yana gaishe ta, bango take kallo ta amsa a taƙaice. In za ta yi maganarsa sai dai ta ce wancan, ko maigidan naki. Duk wani saƙo tsakaninsu ta bakina yake bi, ko ta bakin autarta da ke aure a Tudun Wada. Don haka da ya ƙudura tayar da motar, ni ya aika in nemo masa izini.

Na same ta a gindin motar, na durƙusa na faɗa mata. Ta yi shiru har na zaci ba ta ji ba, hannunta dai yana cikin wake. Can ta ce ai kayan ubansa ne, wa zai hana shi, ƙarfe ne da ba ya ci ba ya sha. Na ce to Inna a sa mana albarka. Ta ce Allah ya taimaka, irin yadda za ta ce wa mai tallan gishiri. Ni kuwa na tashi da murnata na je na ce masa Inna ta yarda, har ta sa albarka. Wallahi a ranar ban ga komai a fuskarta ba, ko kuma na gani na fassara shi da kunyar ɗan fari. Har yau ban san wanne ne ba.

Aka fasa gefen katanga aka turo motar ƙofar gida. Aikin ya ɗauke shi fiye da shekara. Abokansa sukan taru suna tsokanarsa, wani tela a cikinsu yana cewa motar nan ta kusa girme shi, ya kamata ya riƙa durƙusawa yana gaishe ta kafin ya sa mata sifana. Shi kuma ya ce in ta tashi kada telan ya zo neman a kai shi ɗaurin aure. Injin ya riga ya daskare, sai ya je Kano ya samo ɗan kwatano ya ɗora. Giyarta da take jikin sitiyari ya mayar da ita ƙasa. Mai walda ya yanke inda ya ruɓe ya lika sabon ƙarfe, aka yi wa kujera sabuwar riga. Ni ma na shiga aikin da zuciya ɗaya. Ni na share cikinta, na kwashe tsummokara da wani yagaggen buzu da na tarar a bayan kujera na zubar, na wanke ta da omo har wani tsohon wari na kifi da man fetur ya fita. Da aka zo fenti ya tambaye ni launin da nake so, na ce shuɗi. Ban taɓa ganin maigidana cikin farin ciki kamar na wannan shekarar ba, yana shigowa da baƙin mai har goshi yana ba ni labarin kafireta kamar na san ko mece ce.

Ita kuwa Inna ba ta fasa zuwa gindin darbejiya ba. Takan shimfiɗa tabarmarta a tsakanin duwatsun nan huɗu da aka bari, ba abin jingina. Na kai mata matashi, ta ajiye shi gefe. Daga nan ne abubuwa suka fara rikice min. Ta fara kirana da sunan yayarta da ta rasu tun ban zo gidan ba. Ta zuba gishiri a kunu. Wata rana ta tambaye ni ko Malam ya dawo daga kasuwa. Wasu suka ce iska ce, muka karɓo rubutu da tofi. Muka kai ta asibiti, likita ya ce mantuwar tsufa ce, ba ta da magani sai kulawa, kuma kada a riƙa sauya mata abubuwan da ta saba da su. Ko da ya faɗi haka, tunanina ɗakinta ya tafi da kwanukanta, ban kawo motar a raina ba.

Ranar da motar ta tashi unguwa ta cika da yara. Na riƙo hannun Inna na fito da ita ƙofar gida, ina zumuɗin ta ga motar Malam tana sheƙi. Ta dube ta sama da ƙasa ta ce masha Allah, baƙi muka yi ne, a kai musu ruwa. Na ce Inna motar Malam ce fa. Ta yi min wani kallo na tausayi, ta ce yarinya ba ki san motar Malam ba, tasa koriya ce, kuma tun daga kan kwana ake gane kukanta. Maigidana yana tsaye a jikin mota yana ji. Ya kashe injin ya shige zaure.

Ba a daɗe ba Inna ta ɓace. Da hantsi na shiga kai mata kunu na tarar ba ta nan, ba mayafinta, ba kwanon tuwon da ya kwana. Muka duba maƙwabta, masallaci, bakin rijiya, har gonaki. Na yi kuka har muryata ta dushe, ina ta Innalillahi, ina tunanin rafi da manyan motoci. Sai gab da la'asar wani da ya san gidanmu ya bugo waya daga Kwanar Dangora. Ashe ɗan acaɓa ta tara, ta ce masa motar mijinta ta lalace a hanya za ta kai masa abinci. Da suka isa ta rasa inda za ta nuna, sai wata mai tallan fura ta zaunar da ita a inuwa ta ba ta ruwa. Mun same ta da kwanon a cinya, ɗaure da ɗankwali, tana leƙa kowace a-kori-kura da ta wuce.

Autarta ta zo washegari. A ɗakina ta zaunar da ni ta ce tun farkon aikin Inna ta yi mata kuka, ta ce ana feɗe motar babanku kamar rago, amma ta haɗa ta da Allah kada ta faɗa, don ba za a ce ta hana ɗan fari abin da ransa yake so ba. Ta ce ita ta zaci mun sani muka yi biris. Ta ce Yaya, shekara nawa kina tare da Inna, ba ki san in ta ce wa zai hana shi, to ba ta so ba ne?

Maigidana ya yi abin da ya iya. Ya kankare shuɗin ya sake fesa kore, ya mayar da motar gindin darbejiya, har tayoyin ya cire ya ɗora ta a kan duwatsu. Inna ta leƙo ta gani, ta kira ni gefe ta ce in lallaɓa in gaya wa baƙin nan su matsar da motarsu, nan wurin ajiyar Malam ne, in ya dawo ina zai tsaya. Daga ranar ta daina fita tsakar gida. Ta rage cin abinci, ta koma zama a ƙuryar ɗaki. Dangi suka yanke shawarar ta koma wurin autarta a Tudun Wada ko za ta sake.

Ya mayar wa motar tayoyinta, a cikinta muka kai Inna, don ita ce a hannu. Kujerar gaba guda ce doguwa, sai muka sa Inna a tsakiya saboda kada ta taɓa ƙofa, ni ina gefe. Tun da nake ban taɓa ganinta kusa da ɗanta haka ba, kafaɗa da kafaɗa. Ina jira ta takure ta juya fuska, sai na ji ta ce sannu direba, ta tambaye shi mutanen gida. Ya dube ni, na dube shi. Ya amsa da lafiya lau Hajiya. Shi ke nan hira ta ɓarke. Ta yaba tuƙinsa, ta ce ba ya gudu kamar yaran yanzu. Ta nuna masa wajen da ruwa yake, ta ce garinsu yana ƙarƙashi, da rimin ƙofar gidansu da kabarin babarta. Sannan ta ce tana da ɗa kamar shi, babba, ɗanta na fari, ta kuma faɗi sunansa ƙarara, sunan da ban taɓa ji a bakinta ba. Ta ce tun yana rarrafe yake wasa da sifanar babansa, ta ce ya yi ƙyanda yana ƙarami ta kwana bakwai ba ta runtsa ba amma ba ta bari kowa ya gani ba. Ta ce yaron kirki ne, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Abu ɗaya ya yi mata, ya ɗauke motar babansa ya kai wani wuri, ita kuma ba ta da bakin tambayarsa. Ta ce direba kai da kake yawo, in ka gan ta a hanya ka gaya masa ya dawo da ita, ba sai an gyara ba.

Maigidana ya gangara gefen titi ya tsaya, ya kifa kansa a kan sitiyari. Inna ta dafa bayansa ta ce ko barci yake ji, ya huta, ba sauri muke ba.

Inna ba ta sake komawa Kiru ba. Kusan shekara biyu ta yi a Tudun Wada kafin Allah ya karɓi abarsa, Allah ya jiƙanta. A tsawon lokacin nan duk Juma'a bayan masallaci maigidana yakan tuƙa motar ya je. In ya shiga ɗaki ya gaishe ta a matsayin ɗa, wani lokaci ta gane shi ta juya ga bango. In ya zauna a mota aka fito da ita, to direbanta ne ya zo, su zaga gari tana ba shi labari tana dariya. Ya ce min a rayuwarsa bai taɓa samun uwa kamar a waɗannan Juma'o'in ba. Ni kuma nakan tuna ta zaune a tsakanin duwatsu babu abin jingina, sai in rasa inda zan sa kaina. Na tambayi malamarmu ta Islamiyya ko ina da alhaki, ta ce Allah niyya yake dubawa, ciwon kuma da ma zai zo ko an taɓa mota ko ba a taɓa ba. Na yarda da ita, amma zuciyata ba ta gama kwanciya ba.

Abin da na koya, nake kuma roƙon 'yan uwana mata da ake aika tsakanin uwa da ɗa, shi ne ku kai saƙo yadda aka ba ku shi, har da shirun da aka yi kafin a amsa. Kada son ganin farin cikin miji ya sa ku ƙara masa zaƙi. Ku kuma masu sha'awar tayar da tsofaffin motoci da gyara kayan iyaye, kafin ku kwance ƙusa ɗaya ku duba wa yake zama a inuwar abin. In tsohuwa mai kara ce, kada ku tsaya a amsar farko, ku aika wanda ba ta jin kunyarsa ya sake tambaya. Fenti ana sake shi, mun sake. Abin da Inna take jingina da shi kuwa, ni na wanke shi da hannuna, ina murna.