Ranar da dattawan garinmu suka hana waya ta cikin waya

Ni fa ba wanda ya koya min waya. Da kuɗin ƙwadagon gona na sayi 'yar kwancen babbar waya a kasuwar Rano, gilashinta a tsage, na yi ta dannawa har na gane kanta. Na buɗe wa garinmu Rurum shafi, ina sa hoton gyaɗa in ta yi kyau, da sanarwar suna da rasuwa. Lokacin kowa cewa yake yaron nan Allah ya yi masa basira.

Sai aka yi mana kwalbati a hanyar Rano. Kansila ya zo da kansa ya yanke zare, aka yi tafi. Ruwan farko da aka sheƙa, kwalbati ya bi ruwa, da alama shi ma birni yake son gani. Na ɗauki bidiyon 'yan acaɓa suna ɗaga babur a ka suna tsallakewa, na sa a shafi. Ko kalma ban ƙara ba wallahi.

Daga ranar basirata ta koma rashin tarbiyya.

Aka kira taro a ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. Kansila ya yi jawabi mai tsawo, ya ce waya ce ke lalata matasa. Ashe duk wannan lokacin ba siminti ne ya yi ƙaranci ba, tarbiyyata ce ta rushe kwalbati.

Na ce, “Ranka ya daɗe, ƙarya na yi?”

Mai unguwa ya ce, “Ba a ce ka yi ƙarya ba. An ce ka nuna.”

Aka yanke hukunci: duk saurayin da bai yi aure ba, ba shi ba babbar waya, sai dai 'yar ƙarama mai tocila. Babana, da ke zaune a gefe cikin sabuwar rigarsa ta Juma'a, ya ce tawa shi zai karɓe da hannunsa. In kuwa wayar ta tafi, shafin ya mutu.

To amma yaya za a sanar da gari? Mai shelarmu ya tsufa, muryarsa ko bayan masallaci ba ta kaiwa. Sai mai unguwa ya dube ni.

“Kai, sa a shafin naka, kowa ya gani.”

Na ce, “Ranka ya daɗe, sanarwa ba hoto ba a karantawa.”

Jama'a, ku zo ku ga maƙiyan waya suna gyara hula! Kansila ya ce in sake ɗauka, idonsa a rufe ya fito. Na sake. Na rubuta dokar yadda suka faɗa, na saki, sannan na miƙa wa Baba wayar, ya jefa a aljihu.

Kafin magariba aljihun Baba ya fara kuka. Ya kira ni.

“Zo nan, ja'iri. Me take cewa?”

Na karanta masa. 'Yan garinmu na Kano da Legas suna tambaya me aka yi, wasu suna manna musu bidiyon kwalbati a ƙasa. Wanda bai gani ba da, yanzu ya gani, albarkacin dattawa. Wata gwaggo ta rubuta cewa rigar Baba ta fi ta kowa. Ya ce in maimaita wannan. Sai wani ɗan Kibiya ya rubuta wai mutanen Rurum tsoron kansila suke.

Baba ya gyara zama. “Wa? Mu? Rubuta masa, ka ce ni na faɗa: hanyar nan ni ma na bi ta da wando a naɗe, kuma wanda ya ci kuɗin siminti Allah yana kallonsa.”

“Baba, an fa hana.”

“Samari aka hana. Ni aurena ya girme ka. Rubuta!”

Doka kam tana nan, ba wanda ya karya ta. Waya tana kwana a aljihun Baba, kullum da yamma ya shimfiɗa tabarma, yana faɗa ina dannawa, kuma abin da yake faɗa ni ko a mafarki ban isa in rubuta ba. Kansila ya taɓa aiko masa a kan ya sassauta. Baba ya ce in sa wannan ma a shafi.