Gangar Da Ba Ta Ɗaukar Mutum Biyu

A shekarar 2012 Kaka ta zo wurinmu Dubai don a yi mata aikin ido. Ina 'yar shekara goma sha ɗaya. Gidanmu a Al Rigga ɗaki biyu ne a hawa na shida, ba tsakar gida, ba murhu, sai ta mai da baranda wurin hira. Bayan magariba takan shimfiɗa darduma, ta sa turaren wuta a kasko, ni da ƙanwata Ummi mu zauna gabanta tana ba mu tatsuniya, motoci na ta ham a ƙasa. Baba ba ya dawowa sai bayan isha, yana can sito a Investments Park yana loda wa 'yan kasuwar Kano kwantena.

Wata Juma'a ya kai mu bakin ruwa za mu haye Bur Dubai sayen yadi. Kaka na ganin abra, ɗan jirgin katakon da ke tsallakar da mutane, ta tsaya cak. Mai jirgi na ta "yalla, yalla", wato a yi sauri, ita kuwa ta damƙe ƙarfen gefen hanya. Dole muka nemi tasi.

Washegari na tsokane ta. "Kaka, ashe matsoraciya ce ke?"

Ba ta yi dariya ba. "Zauna, uwar ɗakina. Yau ba tatsuniya zan ba ku ba."

Ta ce mijinta, kakanmu Sale, tela ne a Fagge. Da yaƙin basasa ya ɓarke ya shiga soja tare da amininsa Habu, wanda ya bar matarsa da tsohon ciki. Cikinsu ba wanda ya iya iyo. Aka cusa su a jirgin ruwa za su tsallake kogi zuwa Anaca. Suna tsakiyar ruwa aka buɗe musu wuta, man da ke cikin jirgin ya kama, kowa ya faɗa kogi. Sale ya cafki wata gangar mai da ba komai a ciki. Habu ma ya cafke ta. Duk lokacin da suka ɗora nauyinsu tare, sai ta juya ta nutsar da su.

"Habu na cewa, Sale, kar ka bar ni," in ji Kaka, muryarta ta yi ƙasa. "Ruwa ya sake rufe su. Kakanku ya ce ya ji ƙafarsa ta daki wani abu. Da ya ɗago kai, shi kaɗai ne. Har ya koma ga Allah bai sani ba, shi ya shure shi, ko Habu ne ya saki."

Sale ya ci gaba da yaƙi har aka gama, ya dawo Kano da muƙamin kofur. Ya tarar matar Habu ta rasu wajen haihuwa, yaron na hannun wata tsohuwa. Ya ɗauko shi ya ɗora a cinyar Kaka, ya ce ga ɗansu na fari.

Ummi ta ce, "Yanzu yana ina?"

Kaka ta ɗaga kai. Bayanmu take kallo. Na juya, sai ga Baba tsaye a ƙofar baranda, makullin mota a hannunsa. Ranar ya tashi aiki da wuri, ba mu ji shigowarsa ba.

"Inna," ya ce, "ce mini kuka yi harsashi ne ya kashe mahaifina."

"Haka maigidana ya roƙe ni in ce, Alhaji. Jibi za a shiga da ni tiyata. Ba na son in tafi da maganar nan a cikina."

Baba ya juya ya fita. Washegari bai ci abincin gidan ba, bai gaishe ta ba. Na ga Kaka zaune da carbi amma ba ta ja. Tsoro ya kama ni ko zai ce a mai da ita Kano.

Da safen ranar aikin ya shigo, ya durƙusa ya sa mata takalmi da hannunsa. Bai ɗago kai ba ya ce, "Ban san abin da ya faru a ruwa ba. Abin da na sani, shekara ashirin ya yi yana tashina sallar asuba. Tashi mu je, Inna."

Na daɗe ina neman amsar da Kaka ba ta da ita. A ƙuruciya so nake a ce mini kakanmu jarumi ne, ko kuma mai laifi, in huta. Sai da na girma na gane mutum zai iya rayuwa har tsufa bai san wanne ne shi ba, amma kullum ya tashi ya yi abin da ke gabansa. Kaka ta rasu bayan shekara uku. Har yau in Baba ya idar da salla, ina jin sa yana kiran sunan Habu da na Sale a addu'a ɗaya, ba ya ko numfasawa a tsakaninsu.